"Babu Rezo" A Ranar Kasuwa: Wanda Ya Buɗe Rumbu Shi Ya Kamata Ya Rufe

Yau ina so mu tattauna a kan wata magana wadda da jin ta mutum zai ce ai wannan ta 'yan boko ce, babu ruwan mai tiya da mai faifai da ita. Amma ina roƙonku ku yi haƙuri ku karanta, ko ku sa yaro ya karanta muku har ƙarshe, domin kuɗinku da lokacinku ne ake magana a kai.

Kwanakin baya wata baiwar Allah mai sayar da wake da gujiya ta bugo mini waya ina cikin shiri a gidan rediyo. Daga wani ƙauye na wajen Kanan Bakashe ta zo cin kasuwa, Allah ya ba ta ciniki, sai ta nufi wata ma'ajiyar kuɗi inda take da asusu domin ta zuba abin da ta samu, ta kuma tura wa mai ba ta kaya kuɗinsa. Tun bayan azahar take tsaye a layi har aka yi la'asar, abin da kawai ake gaya musu shi ne "babu rezo". Motar ƙauyensu ta cika ta tafi ta bar ta, ta kwana a gidan 'yan'uwa da kuɗi ƙulle a bakin zane, ba ta runtsa ba. Sai ta ce mini: "Ɗana, ina kallon yaron da ke karɓar kuɗin yana ta aika saƙo a WhatsApp yana dariya. To wane irin rezo ne wannan da yake zuwa wa wayarsa amma ba ya zuwa wa kuɗinmu?"

Gaskiya a ranar ban iya ba ta amsa ba, haƙuri kawai na ba ta. Amma tambayar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na nemi wani ƙanena da ya karanta ilimin kwamfuta a jami'ar Maraɗi, na ce ya zaunar da ni ya yi mini bayani kamar yana yi wa kakarsa. Abin da na fahimta shi ne zan kawo muku, tare da ra'ayina a kai.

Duk wata ma'ajiya da ke aiki da kwamfuta tana da abin da ake kira rumbun bayanai. A ciki ake ajiye sunan kowa, da abin da ya zuba, da abin da ya cire, da bashin da ake bin sa. Shi mai karɓar kuɗi ba ya shiga rumbun nan da kansa. Idan ya danna sunanki, Hajiya, wata 'yar manhaja ce take tashi kamar yaron aike, ta ruga ta buɗe ƙofar rumbun, ta ɗauko lissafinki, ta kawo masa a fuskar kwamfuta. Wannan buɗe ƙofar shi masana ke kira haɗi. Harshen da aka fi rubuta irin waɗannan yaran aike da shi a intanet sunansa PHP, wani mai suna Rasmus Lerdorf ne ya fito da shi a shekarar 1995. Rumbun da aka fi haɗa shi da shi kuwa sunansa MySQL, wanda wani kamfani na ƙasar Suwidin ya fitar a wannan shekarar, kuma tun 2010 yana hannun kamfanin Oracle na Amurka. Kada ku raina su, da PHP aka fara gina Facebook a 2004, da shi kuma Wikipedia take aiki har yau. Kyauta ake samun su, shi ya sa samarinmu masu gina wa ƙungiyoyi da kantuna manhaja suke yawan ɗaukar su.

To ga inda gizo ke saƙar. Ƙofofin rumbun nan ƙidayayyu ne. Idan aka kafa MySQL ba a taɓa saitinsa ba, haɗi 151 yake karɓa a lokaci guda, da ƙarin ƙofa ɗaya da ya keɓe wa mai kula da shi domin ya samu ta shiga ya yi gyara. Wani rumbun mai suna PostgreSQL ma 100 ne nasa. Idan ƙofofin nan duka suna riƙe, duk wanda ya zo daga baya sai a koro shi da saƙon kuskure, a MySQL lambarsa 1040, ma'anarsa haɗi sun yi yawa. Shi kuwa yaron da ke gaban kwamfuta bai san ma'anar wannan ba, abin da ya gani shi ne aiki ya tsaya, sai ya ɗago kai ya ce wa jama'a babu rezo, alhali intanet tana nan lafiya lau.

Wani zai ce ai 151 da yawa, ina ma'ajiyar da take da masu karɓar kuɗi 151 a Tasawa? Mu yi lissafi irin na kasuwa. Idan kowane yaron aike ya shiga ya fito cikin rabin daƙiƙa, ƙofofin nan za su sallami buƙata wajen 300 a daƙiƙa ɗaya. Idan kuwa kowanne ya riƙe ƙofa daƙiƙa 30, to buƙata 5 kacal za su sallama a daƙiƙa. Idan kuma ya shiga ya bar ta riƙe bai saki ba, MySQL ba zai ƙwace ta ba sai ta yi daƙiƙa 28,800 ba motsi, wato awa 8 cur, sai fa in an rage wannan wa'adi. Awa 8 kuwa daga ƙarfe 8 na safe ne zuwa ƙarfe 4 na yamma, kun ga kasuwa ta ci ta watse ke nan. Kuma ba reshe ɗaya ke shiga rumbun ba, duk rassan da ke Mayahi da Gazawa da Agye da Maraɗi, da masu duba asusunsu ta waya, ƙofofi ɗaya suke rabawa.

Maganin wannan kuwa ba ya cin ko dala. Layi ɗaya ne mai rubuta manhaja zai ƙara bayan yaron aike ya gama ɗauko abin da aka aike shi. A PHP akwai umarnin da ake kira mysqli_close, aikinsa ke nan, ya saki ƙofa. Masu amfani da ɗaya hanyar da ake kira PDO su ma suna da yadda suke sakin ta da layi guda. Ra'ayina a nan a fili yake: duk wanda ya karɓi kuɗin jama'a ya gina musu manhajar ajiyar dukiyarsu, wajibi ne ya rufe duk ƙofar da ya buɗe da zarar ya gama da ita, kuma ya iya nuna wa masu aikin inda ya rufe.

Sai dai adalci ne in kawo hujjar waɗanda ba su yarda da ni ba, domin suna da ita. Masu rubuta manhaja da yawa suna cewa ai PHP da kansa yake rufe haɗi idan yaron aike ya gama aikinsa, don haka rubuta umarnin rufewa ɓata lokaci ne. Wannan magana gaskiya ce, ƙanen nawa ma ya tabbatar mini. Idan aikin gajere ne, a ɗauko lissafi a nuna a gama, ko ba ka rufe ba za a rufe maka cikin ƙiftawar ido. Amma akwai wurare uku da wannan hujja ba ta kai ba, kuma dukkansu irin aikin da ake yi a nan yankinmu ne.

Na farko, aikin da yake jira. A ce bayan an rubuta kuɗin da kika zuba, manhajar za ta tura miki saƙon shaida a waya. Tura saƙon nan sai ya bi ta kamfanin waya, kuma kun san yadda layi yake nauyi a ranar kasuwa. Idan mai manhajar bai saki ƙofar rumbu ba kafin ya tafi jiran saƙo, to duk tsawon jiran nan ƙofar tana riƙe a banza. Kamar yaron da aka aika rumbu ne ya ɗebo hatsi, ya gama ɗiba, amma ya zauna a bakin rumbun yana jiran amalanke, ya hana na bayansa hawa.

Na biyu, aikin da ba ya ƙarewa. Akwai manhajojin da ake tayarwa su yi ta zagayawa dare da rana, kamar masu lissafin bashi ko masu tura wa mutane dubu tunatarwa. Tunda ba su gamawa, babu lokacin da PHP zai rufe musu. Idan irin wannan tana buɗe sabuwar ƙofa a kowane zagaye tana tara su ba ta saki, to sannu a hankali za ta cinye ƙofofin duka.

Na uku, akwai abin da ake kira haɗi mai ɗorewa, wanda da gangan ake barin sa a buɗe domin yaron aike na gaba ya same shi a shirye, a samu sauri. Dabara ce mai kyau ga wanda ya iya lissafinta, amma littafin jagorar PHP da kansa ya yi gargaɗi a kanta, cewa za ta iya cika ƙofofin rumbu, kuma idan wani ya kulle wani sashe na lissafi bai buɗe ba, kullin zai iya zama ya tare na bayansa.

Wannan batun kulli shi ya fi tayar mini da hankali, domin kai tsaye ya shafi kuɗi. Idan Alhaji zai tura jikka hamsin daga asusunsa zuwa na abokin cinikinsa, aiki biyu ne ake yi: a cire a nan, a zuba a can. Rumbu mai kyau yana kulle asusun biyu har sai an gama duka, in kuma aka samu tangarɗa a tsakiya sai ya mayar da komi yadda yake. Idan haɗin ya rufe ba a kammala ba, rumbun ya san an fasa, sai ya warware. Amma idan haɗin yana nan a rataye, bai kammala ba kuma bai rufe ba, to asusun yana nan a kulle, duk wanda ya zo taɓa shi sai ya jira, a MySQL daƙiƙa 50 ne wa'adin jiran kafin a ce masa ya hakura. Shi kuma mai jiran yana riƙe da tasa ƙofar. Haka layi yake taruwa a cikin kwamfuta kamar yadda yake taruwa a bakin kanta.

Kada a fahimce ni da cewa duk "babu rezo" daga nan take. Mun san abin da muka gani a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke mana wutar lantarki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, muka zauna cikin ɗaukewar kuran har sai da aka ɗage takunkumin CEDEAO a farkon 2024. Mun kuma san ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a wajen gaɓar Kodebuwa, ƙasashen Afirka ta Yamma da dama suka shiga matsala. Waɗannan ba laifin mai rubuta manhaja ba ne. Manyan kamfanonin tura kuɗi kuma suna da nasu kayan aikin da ma'aikatan da ke gadin su. Amma akwai alamomi uku da in kun gan su tare, ku yi zargin ƙofofi ne suka cika: intanet tana aiki a wayoyin mutane a wurin, matsalar ba ta tashi sai lokacin cunkoso, kuma idan aka kashe babbar na'urar da rumbun yake ciki aka kunna sai komi ya dawo, bayan ɗan lokaci ya sake tsayawa. Ƙanen nawa ya ce an taɓa kiran sa gyara a wata ƙungiya mai irin wannan ciwo, da ya buɗe jerin haɗin da ke rumbunsu sai ya tarar mafi yawansu barci suke yi, babu abin da suke ɗauka. Shugabannin ƙungiyar har sun fara tara kuɗin sayen sabuwar kwamfuta, alhali gyaran layuka kaɗan ne.

Me ya sa na damu har na kawo wannan magana a jarida? Domin kasuwarmu ta riga ta hau kan waya da kwamfuta, ba kuma za ta sauko ba. Wata malama 'yar Amurka mai suna Jenny Aker ta yi nazarin kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da salula take shigowa, ta gano cewa zuwan waya ya rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. A wancan lokaci farashi kawai ake tambaya ta waya. Yau kuwa kuɗin ne kansa yake bi ta ciki: mai wake a Urafan, mai riɗi a Korgom, mai akuya a Mai Jirgi, da matar da mijinta yake ci-rani a Kano ko Agadas ko Libiya, kowa yana jiran saƙo ya shigo. Awa uku da aka tsaya a layi, ga ma'aikacin ofis jinkiri ne kawai, amma ga mai tuyar ƙosai ƙullu ne ya yi tsami, ga ɗan tireda kaya ne wani ya riga shi saye, ga baƙuwa kuma kwana ne a garin da ba ta shirya ba da kuɗi a jikinta.

Kuma wannan tarbiyya ta rufe abin da aka buɗe ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A jiharmu ta Maraɗi aka fara tsarin Mata Masu Dubara a 1991 tare da ƙungiyar CARE, tsarin da daga baya ƙasashe da yawa suka kwaikwaya. Duk matar da ta taɓa zama a taron asusu ta san ƙa'ida: a gaban kowa ake buɗe akwati, a ƙirga, a rubuta, sannan a gaban kowa a rufe, masu riƙon makulli su karɓi makullansu kafin a watse. Babu wadda za ta ce a bar shi buɗe tunda mako mai zuwa ma za a dawo. Iyayenmu mata da yawansu ba su shiga aji ba sun riƙe wannan ƙa'ida fiye da shekara 30. Ban ga dalilin da zai sa mai digiri ya kasa riƙe ta a cikin kwamfuta ba.

Don haka ina da kira ga ɓangare uku.

Ga samarinmu masu gina manhaja, ina alfahari da ku, kuma na fi son a ba ku aiki da a ɗauko wani daga waje wanda in ya tafi ba a sake ganin sa. Amma ku ji tsoron Allah a kan amanar da aka ba ku. Ku buɗe haɗi a lokacin da kuke buƙatarsa, ku rufe da zarar kun gama, musamman kafin ku tafi jiran saƙo ko wani aiki mai nauyi. Ku tabbata ko da kuskure ya faru a tsakiya, manhajar za ta warware cinikin ta saki ƙofa. Ku daina kwafo tsofaffin darussa ido rufe, domin tsohuwar hanyar haɗa PHP da MySQL an daina ba da shawarar amfani da ita tun 2013, aka cire ta gaba ɗaya a PHP na 7 a ƙarshen 2015. Kuma ƙara yawan ƙofofi daga 151 zuwa 1,000 ba gyara ba ne in ɓarnar tana nan, kowace ƙofa tana cin ƙwaƙwalwar na'ura, ranar da za su cika kawai aka ɗaga.

Ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa, da masu ma'ajiyar kuɗi, da masu manyan kantuna, da ma'aikatun magajin gari masu son karɓar harajin kasuwa ta kwamfuta, kada ku biya kuɗin manhaja don kun ga ta yi kyau a fuska. Ba wanda yake sayen amalanke sai ya ɗora mata kaya ya ga yadda take tafiya. Ku ce a gwada ta kamar ranar kasuwa, mutane da yawa a lokaci guda. Ku tambayi mai aikin haɗi nawa rumbun yake ɗauka, da abin da zai faru da kuɗin mutum in wuta ta ɗauke a tsakiyar turawa, da wanda za a kira in ta tsaya. Ku rubuta a yarjejeniya cewa gyara na watannin farko a kansa yake, ku riƙe wani kaso na kuɗinsa sai an ci kasuwa huɗu ko biyar lafiya. Ku kuma ajiye littafi da rasi na hannu domin ranar da na'ura ta ƙi, kada a mayar da mutane gida da kuɗi a hannu.

Ga ku kuma iyayena mata da 'yan'uwana 'yan kasuwa, ku ma kuna da ƙofar da za ku rufe. Idan kun shiga asusunku a wayar wani ko a kwamfutar shagon intanet, ku tabbata an fita daga ciki kafin ku tashi. Kada ku faɗa wa kowa lambar sirrinku, ko da mai karɓar kuɗin ne. Idan kuna tura kuɗi abin ya tsaya, kada ku yi ta maimaitawa, ku dakata ku duba abin da ya rage a asusu tukuna, domin wani lokaci na farkon ya wuce, sai ku tura sau biyu. Ku karɓi rasi, ku ajiye saƙon shaida har sai wanda kuka tura wa ya ce ya gani. In an ce muku babu rezo alhali kuna ganin waya tana aiki, ku tambaya cikin ladabi ko an sanar da mai gyara, kada ku huce a kan yaron da ke kanta, shi ma ba shi ya gina ta ba. In abin ya zama kullum, ku kai kuka wurin shugabannin ƙungiyarku da sarkin kasuwa, murya ɗaya ba kamar murya ɗari ba ce.

Ita kuwa baiwar Allah da ta bugo mini waya, Inna, in wannan jarida ta iso gare ki, ga amsar tambayarki gwargwadon abin da na samo. Ki ci gaba da tambaya, ki kuma gaya wa 'yan asusunku su tambaya. Allah ya sa albarka a cikin sana'o'inmu, ya tsare mana dukiyarmu, ya ba masu riƙe da amanar jama'a ikon sauke ta.